Wa Ya Faɗa, Wa Ya Ji: Tarihin Masu Nazarin Labarin Siyasa a Arewa, da Gurbin Ƙasar Zuru

Ranar 12 ga watan Disamba 1959 aka yi zaɓen tarayya wanda ya share fagen mulkin kai. Kafin ranar, Cif Obafemi Awolowo ya yi ta ratsa garuruwan Arewa da jirgi mai saukar ungulu yana neman ƙuri'a, abin da mutanen karkara da yawa ba su taɓa gani ba. NPC tana da fartanya, NEPU tana da tauraro, NCNC tana da zakara. Maza kaɗai ke jefa ƙuri'a a Arewa a lokacin, mafi yawansu kuma ba su karanta boko, saboda haka alamar jam'iyya ita ce rubutunsu. Bayan shekara huɗu wani Bature mai suna Ken Post ya fitar da littafi sukutum a kan wannan zaɓe, kuma har gobe wanda zai yi magana a kan 1959 sai ya leƙa shi. Amma akwai tambayar da littattafan wancan zamani suka taɓa sama-sama suka wuce: manomin da ke Dabai ko Ribah, ta wace hanya ya ji cewa fartanya ta Sardauna ce, daga bakin wa ya ji, da wane harshe, kuma me ya sa ya yarda ko ya ƙi?

Wannan tambaya ita ce gindin fannin da a jami'a ake kira nazarin sadarwar siyasa. Yau akwai mutanen da wannan ne abincinsu, su yi digiri na ɗaya zuwa na uku a kansa, su hau matakai har su zama farfesoshi. Yadda sana'ar ta samo asali a Arewa labari ne mai karkace-karkace, kuma ƙasar Zuru wuri ne mai kyau da mutum zai tsaya ya hango abin da ta kama da abin da ya kuɓuce mata.

Dalili kuwa shi ne Zuru tana cikin duniyar Hausa ba tare da ta zama ƙasar Hausa ba. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba. Mafi rinjayen jama'arta Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, harshensu kuma C'lela, ga Fakkawa da Kambari da wasu ƙabilun, ga Hausawa da Fulani. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin al'adar kaka da kakanni, wani lokaci a gida ɗaya. Hausa ce harshen kasuwa da na taron siyasa, amma sau da yawa ba da ita ake shawarar cikin ɗaki ba. Hedkwatarsu ma ta yi ta sauyawa: sun shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, sannan Kebbi a 1991. Ke nan labarin gwamnati kullum daga nesa yake zuwa musu, da harshen da ba shi uwa ta fara koya wa yaro ba, sai an sake juya shi kafin ya isa kunnen tsohuwa.

Waɗanda suka fara damuwa da yadda labari ke yawo a Arewa ba malaman jami'a ba ne, masu mulki ne. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus Nijeriya, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu 1939, Abubakar Imam yana edita, Dokta Rupert East yana kula da aikin. Sunan jaridar kansa amsa ce ga jita-jita. Imam bai taɓa zama a ajin koyon aikin jarida ba, amma ya gane abin da masana suka zo suna rubutawa daga baya: cewa kwafi ɗaya ba mutum ɗaya ke karanta shi ba. Malamin makaranta ko akawun En'e zai karanta a zaure, goma su saurara, gobe su kai kasuwa. Shi ya sa ya riƙa rubutu kamar mai magana, ya kuma buɗe fili ga wasiƙun masu karatu. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Duk wanda ke son sanin yadda ɗan bokon Arewa na farko ya ɗauki jarida da siyasa, daga nan zai fara.

A nan ne Zuru ta fara shigowa, ta ƙofar bariki. Turawa sun ɗebi Dakarkari da yawa aikin soja, Hausa kuma ita ce harshen bariki a rundunar Nijeriya. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, wasu sojojin a can suka koyi karatu da rubuta wasiƙa. Mutumin da ya ga Indiya da idonsa, ya dawo ƙauye da Hausa a baki da fansho a aljihu, ba a jayayya da shi a kan labarin duniya. Wannan gado bai yanke ba, domin ƙasar ce ta haifi hafsoshi irin su Ishaya Bamaiyi da Tanko Ayuba, da Muhammadu Sani Sami wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin ya zama Sarkin Zuru. A garin da kusan kowane gida ke da ɗa a bariki, juyin mulki ba labarin rediyo ba ne kawai, ana jiran wasiƙa ko saƙon baki don a ji ko yaro yana raye.

Abin sha'awa, a daidai lokacin da Imam ke wannan aiki, a Amurka Paul Lazarsfeld da abokansa suna bin masu zaɓe a wata gunduma ta Jihar Ohayo a zaɓen 1940. Sakamakon da suka buga a 1944 shi ne cewa jarida da rediyo ba su cika juya mutum kai tsaye ba. Labari yana fara sauka ne wurin wasu mutane da ake jin maganarsu, su kuma su sauke wa na kusa da su. Da an tambayi kowane mai unguwa a Kano ko tsohon saje a Zuru, da ya faɗi haka ba tare da an kashe ko sisi ba. Bambancin shi ne su can sun ƙirga, sun rubuta, sun mai da shi fanni mai kujera da albashi.

Nan gida kuwa kayan aikin suka yi ta ƙaruwa, masu nazari ba su zo ba tukuna. A 1944 aka fara rediyon waya a Kano, akwatin da ake jona wa gida ko a kafa a dandali. Majigi na zagaya ƙauyuka da finafinan gwamnati. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya. BBC ta buɗe sashen Hausa a watan Maris 1957. Gwamnatin Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, New Nigerian kuma ta fito ranar 1 ga Janairu 1966, sati biyu kafin a kashe Sardaunan da ya kafa ta. NEPU, wadda aka kafa a watan Agusta 1950, ba ta da rediyo, sai ta riƙe waƙa da lacca a dandali, ga ɗauri a gidan yari wanda shi ma ya zama hanyar isar da saƙo.

Malaman da suka fara rubuta wannan zamani masana kimiyyar siyasa ne, yawancinsu baƙi. Richard Sklar ya fitar da littafinsa kan jam'iyyun Nijeriya a 1963, Billy Dudley kan jam'iyyun Arewa a 1968, C. S. Whitaker kan siyasa da sarauta a 1970, John Paden kan addini da siyasar Kano a 1973. Aiki ne mai nauyi, kuma ba a raina shi. Sai dai idonsu yana kan jam'iyya da fada da manyan birane. Jarida da waƙa a wurinsu shaida ce da ake kafa hujja da ita, ba su ne abin binciken ba.

Koyar da aikin jarida a jami'a daga Kudu ya faro: Nsukka a 1961, Legas a tsakiyar shekarun 1960 da taimakon UNESCO, inda Alfred Opubor ya zama jagora. Arewa sai a ƙarshen shekarun 1970 ta samu sashenta a Jami'ar Bayero, Maiduguri da Zariya suka biyo baya. Manhajar da aka ɗauko ta Amurka ce, ta su Daniel Lerner da Wilbur Schramm, masu ganin cewa idan aka wadata talaka da rediyo da jarida zai bar tsohon tunani ya rungumi zamani. An yi ta sukar wannan ra'ayi, musamman bayan rahoton MacBride na 1980 wanda ya nuna yadda ƙasashe masu arziki suka mamaye labaran duniya. Amma hanyar binciken ba ta sauya sosai ba. Ɗalibi zai ɗauki New Nigerian da Daily Times na wata shida, ya ƙirga labarai nawa suka yabi gwamnati, nawa suka soke ta, ya zana jadawali. Hanya ce mai sauƙi da arha, tana kuma ba da digiri. Illarta ita ce tana auna abin da aka rubuta da Turanci a Kaduna da Legas, alhali yawancin masu zaɓe da kunne suke karɓar siyasa, kuma da Hausa.

A ganina, nazarin sadarwar siyasa na haƙiƙa a Arewa a wani ɗakin aka yi shi, ba a sa masa wannan suna ba. Sassan harsunan Nijeriya ne suka yi shi. Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi kan rayuwa da waƙoƙi da ra'ayoyin Sa'adu Zungur a 1974. Haruna Abdullahi Birniwa ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1987 yana kwatanta waƙoƙin NPC da NPN da na NEPU da PRP. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tarihin jaridun Hausa a cikin Hausa a Rubuce a 1988, Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa ɗaya bayan ɗaya, Graham Furniss na Landan kuma ya haɗa zaren a littafinsa na 1996. Waɗannan su suka saurari abin da talaka ke saurara. Amma da yake a takarda su malaman adabi ne, sai aka daɗe ɗalibin sashen jarida bai san da su ba, su ma ba a gayyatarsu taron masana sadarwa. Gini ɗaya, matakala ɗaya, kowa da littattafan da yake ambata.

Jamhuriya ta Biyu ta nuna cewa wannan fage ba wasan yara ba ne. PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Gwamna Abubakar Rimi ya kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980 domin Kano ta samu bakin magana nata, tunda Rediyon Kaduna da New Nigerian suna hannun gwamnatin tarayya ta NPN. Ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke. Cikin wuraren da aka kai wa hari har da Rediyon Kano da ofishin Triumph, aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, malamin jami'a mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Masu tarzomar sun san inda magana ke fitowa. Bayan shekara uku soja suka kafa Doka ta 4 ta 1984, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita. Malamin da ke son ya ci gaba da koyarwa lafiya ya ga alama, da yawa suka koma nazarin yadda rediyo ke yaɗa allurar rigakafi da takin zamani, inda babu mai zuwa ƙwanƙwasa ƙofa da dare.

Sai kuma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya karya darajar Naira. Mujallun ilmi na waje suka daina zuwa ɗakunan karatu, albashin malami ya daina kai shi ƙarshen wata, masu hali suka tafi gidajen rediyon ƙetare ko bankuna ko fadar gwamnati. A wannan fanni jarabar ta fi ƙarfi, domin wanda ya san yadda ake sarrafa labari, ɗan siyasa na nemansa ya zama kakaki, kuma kujerar kakaki ta fi ta aji laushi.

Farfaɗowar ta zo ta inda ba a zata ba. Abdalla Uba Adamu farfesan ilmin koyar da kimiyya ne tun 1997, sha'awa ce ta ja shi zuwa littattafan soyayya na Kano da finafinan Hausa, har ya jagoranci babban taro a kansu a Kano a 2003, daga baya ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu a 2012. Brian Larkin ya zauna a Kano, ya fitar da Signal and Noise a 2008, inda ya bi tarihin rediyon waya da majigi da gidajen silima. Umaru Pate ya taso daga Maiduguri zuwa Bayero yana nazarin jarida a lokacin rikici. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne sun ɗauki abin da jama'a ke ji da kallo da muhimmanci. A wannan tsakanin ne Doka ta 38 ta 1992 ta buɗe ƙofar gidajen rediyo masu zaman kansu, Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, aka samu sabuwar sana'a ta sojojin baka, masu sayen fili a rediyo su yabi uban gida su yi wa abokin hamayyarsa zambo. Wanda ya san tarihin roƙo da waƙar jam'iyya ba zai yi mamakinsu ba, tsohuwar sana'a ce ta samu makirfo.

To, yaron da ya gama sakandare a Zuru yau, yana son ya mai da wannan bincike sana'arsa, me ke gabansa? Jami'ar tarayya da aka kafa a garinsu a 2020 ta aikin gona ce. Saboda haka tafiya ta kama shi, ko Kano ko Zariya ko wani wurin. A 2020 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba tsohon kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni bakwai, sai ya zaɓa tun da wuri. Idan ya yi sa'a aka riƙe shi a matsayin mataimakin malami, matakalar a bayyane take: digiri na biyu, na uku, malami mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban malami, sannan a aika takardunsa ga masu tantancewa na waje kafin farfesa. Kowane mataki da adadin maƙalun da ake bukata. Asusun TETFund na iya biyan kuɗin karatunsa. Yajin aiki na iya cinye masa shekara, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas.

Babban tarkon yana cikin ƙirgar maƙalun. Wadda aka buga da Turanci a mujallar ƙetare ta fi maki, editan can kuma ya fi son jin labarin Twitter da zaɓen shugaban ƙasa. Masu ba da tallafi daga waje su ma da nasu jerin, yau kalaman ƙiyayya, gobe labaran ƙarya. Wata shida a kasuwannin Danko/Wasagu ana sauraron yadda ake juya sanarwar gwamna daga Hausa zuwa C'lela, me aka rage, me aka ƙara, wa ake yarda da fassararsa, fasto ko liman ko tsohon soja ko shugaban 'yan sa-kai, wannan aiki ne mai cin lokaci da kuɗin mota, kuma maƙala ɗaya ko biyu zai haifar. Abokinsa da ya zauna a ofis ya raba wa ɗalibai ɗari biyu takardar tambayoyi kan Facebook zai riga shi zama babban malami. Ba lalaci ne ya sa binciken ya taru a Kano da Kaduna da Abuja ba, ma'aunin ne ya tura shi can.

Ga kuma hatsari na zahiri. A watan Maris 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe fiye da sittin, bayan kwana biyu aka kai wa ayarin mataimakin gwamna Samaila Yombe Dabai hari a Kanya. A irin wannan hali labari ya tashi daga abin hira ya koma abin tsira: wace hanya ce a buɗe, wane ƙauye aka tasa, saƙon muryar da ke yawo a WhatsApp na yau ne ko na bara. Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara mai maƙwabtaka a watan Satumba 2021, jama'a sun koma ga direban mota da ɗan kasuwa, kamar zamanin kakanninsu. A watan Agusta 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV Naira miliyan biyar saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga. Wanda ya fi kowa shiga dajin da littafin rubutu a hannu a wannan shiyya, Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, masanin tarihi ne. An sake maimaita abin da ya faru a shekarun 1980, aikin sadarwar siyasa yana fitowa daga wani sashen.

Saura maganar ajiya, wadda ita ta fi gaggawa. New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo sun daina fitowa a kai a kai tun farkon shekarun 2010. Tsofaffin kwafinsu suna warwatse a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, da Gidan Mambayya a Kano, takarda kuma ba ta jure zafi da gara har abada. Rediyo ya fi wannan rauni, domin a zamanin faifan zare sau da yawa akan goge tsohon shiri a ɗauki sabo a kansa. Duk da haka mai binciken 1959 yana da abin dafawa: jarida, rahoton Di'o, waƙar da aka buga a Zariya. Mai binciken da zai zo nan da shekara talatin yana tambayar yadda mutanen Mahuta ko Dirin Daji suka ji labarin zaɓen 2023, kayan aikinsa saƙonnin murya ne da ke cikin wayoyin mutane, waɗanda ake gogewa duk lokacin da waya ta cika.